Shekara Ukun da Na Cire wa Jikana

Ni ban yi karatu ba. Zara, ƴar maƙwabciyata, ita ke riƙe da biro, ni ina faɗa, in kuka ya tare ni ta ajiye ta jira. Sunana Falmata. A bakin Komadugu aka haife ni, can na yi aure, can na yi noman tattasai shekara da shekaru, har ranar da muka gudo Difa da abin da ke jikinmu. Ban taɓa wuce Damagaram ba sai bara, da na yi kwana biyar a hanya zuwa ƙasar Gana don in amsa wa wani baƙo tambaya ɗaya. Amsar ita ce goma sha bakwai.

Mun bar dabinon Maine a baya ina maimaita ta a zuci kamar mai jan carbi. Shekarun jikana ke nan a takarda. A wurin Allah kuwa, da wurina, ashirin gare shi.

Jikan nan shi kaɗai ya rage mini. Ɗa ne ga autana Bukar, wanda mutanen daji suka kashe a gonarsa. Uwar yaron ta riga ubansa tafiya, wajen haihuwa. Mijina kuma bai cika shekara biyu a zaman gudun hijira ba ya bi su. Sunan mijin nawa aka sa wa yaron, shi ya sa bakina bai taɓa furta shi ba. Maigida nake ce masa, shi kuma ya ce mini amarya, ko tsohuwar amarya in yana son in bi shi da muciya.

Lokacin da muke zaune a bukkokin bakin kwalta, ma'aikata suka zo da tebur da manyan littattafai suna yi wa yara takardar haihuwa. A zamanin nan tsawo masifa ne ga ɗa namiji. Mutanen daji suna ɗaukar wanda ya tasa su ba shi bindiga, masu kaki suna ɗaukar wanda ya tasa su tambaye shi, kuma ba duk wanda aka tafi da shi ke dawowa ba. Maigida yana da sha huɗu, ya riga ya kere ni. Da ma'aikacin ya tambaye ni shekarunsa na ce sha ɗaya. Ya ɗaga kai ya dube shi, ya dube ni. Na ce tsawon gado ne, kakansa ma haka yake. Ya rubuta. Na sa masa gajeren wando, na kai shi lakwal, makarantar boko, cikin ƙananan yara, yana zama can baya gwiwoyinsa na neman haɓarsa. Abokan wasansa biyu da aka rubuta nasu daidai, an tafi da su, har yau uwayensu na jira.

A lakwal ɗin ya haɗu da Mushe Iliya, malami ne Kirista mutumin Dogon Dutse. Mushe ya koyo wani wasa a Yamai wurin baƙi, ana ce masa besbol: ɗaya ya jefa ƙwallo mai tauri kamar goruba, ɗaya ya doke ta da sanda. Ya ga yadda Maigida ke korar awaki daga shanyar tattasai da hoge, ba ya kuskure, ya ce wannan hannu ba na awaki ba ne. Daga Difa sai Yamai, daga Yamai sai Gana, wani sansani da ake tara samari daga ƙasashe, a raba su ƙananan ƙungiyoyi suna karawa da juna, kowane mako a aika sakamako ƙetaren teku wurin masu manyan ƙungiyoyi. Mushe kan zo da waya ya karanta mini: yau sun ci, yau an ci su, yau ya hana mutum kaza taɓa ƙwallo. Ba na gane komai, fuskar Mushe kawai nake dubawa.

Sai labari ya zo an zaɓe shi cikin waɗanda za a ƙetarar. Amma kafin nan mai bincike zai ga iyayen kowane yaro, don ƙaryar shekaru ta yi yawa, kuma ba zai taka Difa ba saboda hanya. Maigida ya kira ni da kansa.

"Amarya, abin da ke takarda kawai za ki faɗa. Kada ki ƙara gishiri, na san ki."

Mushe ya raka ni har Damagaram, ya koma don lakwal na ci. Ya rubuta lambar waya a takarda, na ƙulle ta a bakin zane. Daga nan ban ƙirga shingayen masu kaki ba. Duk inda mota ta tsaya aka ce a fito da katin shaida sai in ga kamar a goshina aka rubuta abin da na yi. Wani saurayi dogo ne ke zaune kusa da ni, ya saya mini ƙosai a Maraɗi, yana ce mini iya. A wani shinge bayan Ƙonni suka dubi katinsa, suka dube shi, suka ce ya sauko da jakarsa. Direba ya ɗan jira, sannan ya ja mota. Gorar ruwan yaron ta yi ta gangarowa tana bugun ƙafata har Doso, na kasa ɗauka, na kasa turewa.

A Doso na sauka don in sake mota. Nan na fara jin ni baƙuwa ce. Ko'ina Zabarmanci, waɗanda ke jin Hausa kuma in na buɗe baki sai su yi dariya su ce Babarbariya ta zo, su kwaikwayi harshena. Ban ji haushi ba, tsoro bai bar wurin haushi ba. Na rungume buhuna na zauna. Ƙaramin buhu ne, jan tattasan Shetimari da bandar kifi, tsarabar yaron da ya shekara biyu bai ɗanɗani miyar gida ba.

A Gaya aka ce mota ba ta hawa gada, iyaka a rufe take, sai dai jirgin ruwa. Ni ƴar kogi ce, amma Komadugu kogi ne da muka san halinsa, ya zo da damina ya koma da rani, kin san inda ƙafarki za ta taɓa ƙasa. Kwara kuwa sai da na ƙura ido na ga ɗaya gaɓar. Ina tsaye a bakin ruwa wani mutum mai riga ruwan ɗorawa ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce abinci ba ya shiga jirgi ɗaya da mutane, doka ce, akwai jirgin kaya daban. Ya karɓi buhun, ya ba ni wani guntun kwali mai rubutu, ya ce in nuna shi a can. Har addu'a na yi masa.

Jirgin da muka shiga an loda masa mutane da babura har ruwa ya rage yatsa uku ya shigo. Wani yana kwarfe ruwan da yankakken jarka, ba ya hutawa. A tsakiya igiyar ruwa ta ɗaga mu, mata suka kama salati. Ni abin da ya zo mini shi ne in na nutse a nan, da ƙarya a bakina zan tafi, ba da shahada ba. Na yi ƙoƙarin yin shahadar, goma sha bakwai ɗin ta riƙa shiga tsakani.

Da muka sauka na yi ta nuna kwalina, kowa ya duba ya wuce. Wata mata mai jiki, da waya biyu a hannu, ta karɓa ta juya shi, ta ce wannan kwalin sabulu ne. Na zauna a kan yashi na yi kuka kamar an yi mini sabuwar mutuwa. Ba tattasan na yi wa ba. Da hannu biyu wayam zan shiga wurin maraya.

Matar nan Hajiya Tani ce, ƴar Madawa, tana bin albasarta zuwa Gana. Ta tsaya a kaina ta yi mini faɗa kamar ta haife ni, ta ce tsohuwa da furfura ta miƙa kayanta ga mai durƙuso, ai da ganin durƙuson ya isa ta san ɓarawo ne. Sannan ta ɗaga ni, ta saya mini kunu, ta ce daga yau ni kayanta ce har Ankara. Duk iyakar da muka zo sai ta tura ni gaba ta ce wa masu kaki uwarta ce ni, kuma kurma ce. Haka na ratsa ƙasa biyu ba wanda ya tambaye ni ko sunana.

A hanyar Kwatano na faɗa mata abin da ke kai ni. Ta yi dariya har mayafinta ya zame, ta ce ita a fasfo tsakaninta da ƴarta ta fari shekara tara ce, kuma ba wanda ya mutu. Amma da dariyar ta lafa ta ce in faɗi lissafin in ja bakina in yi shiru, don mai bincike kamar mai sayen albasa ne, ba ta saman buhu yake kallo ba, ta ƙasa yake so.

Ta tagar mota na fara ganin teku. Na tambayi Hajiya wane gari ne a ɗaya gaɓar, ta ce babu, sai ƙasar da za a kai jikana. Na rufe fuska da mayafi. Daga Kwatano zuwa Lome ruwan bai rabu da mu ba, iska mai danshi tana manne wa jiki, abinci duk manja da tsami, gabas ta ɓace mini sai Hajiya ta juya ni kafin in yi salla. Na yi kewar ƙurar Difa da ƙamshin tattasai in ana daka, wanda ke sa mutum atishawa tun daga bakin unguwa.

A tashar Ankara Hajiya ta kira lambar, ta ƙi tafiya sai da Maigida ya zo. Ta ƙulla mini albasa da yajinta na hanya, ta ce kada in shiga da hannu wayam. Ban sake ganinta ba. Allah ya saka mata.

Da na hango shi ban gane shi ba sai da ya yi dariya. Kafaɗunsa sun buɗe, tafiyarsa ta Bukar ce sak.

"Tsohuwar amarya, wa ya ba ki izinin fita ba da sanina ba?"

Na ce mijin da ya bar mace shekara biyu ba cefane ba shi da bakin tambaya. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na shafa kansa, hannuna ya sauko haɓarsa, na ji kaushin aski da ƙananan yanka. Daga baya na ji kullum yakan riga sauran tashi ya yi aski, wani lokaci har sau biyu a yini.

Sansanin yana bayan gari. Aka sauke ni a ɗakin Adiza, mai dafa wa yaran abinci, ƴar zango ce da kakanninta suka zo daga Sakkwato. Hausarta ta karkace, tawa ma ta karkace, muka fahimci juna. Ta ce gobe akwai wasa, jibi mai bincike.

Da safe ta zaunar da ni a inuwa bakin fili. Maigida ya hau wani ɗan tudu a tsakiya kamar kunyar dankali. Gabansa wani ya tsuguna da kwando a fuska, wani kuma ya tsaya da sanda kamar taɓarya. Ya ɗaga ƙafa, ya saki ƙwallo, ban ga tafiyarta ba sai ƙararta na ji a hannun mai tsuguno. Sai na hangi wani mutum a bayan raga ya ɗaga wani baƙin abu mai baki kamar ƙaramar bindiga, ya saita shi daidai ƙirjin jikana. Ban san lokacin da na miƙe ba. Adiza ta riƙe ni ta zaunar, ta ce abin auna gudun ƙwallo ne.

"Ba ya kisa, Mma. Amma yana korar yaro gida."

Ƙungiyarsu ta ci huɗu da ɗaya, aka ce mutum takwas Maigida ya mayar ba su taɓa ƙwallo ba. Da la'asar aka manna takardar sakamako a bango, yara suka yi mata caa, kowa na neman sunansa ya ga ya hau ko ya sauka. Wani siriri ya duba, ya duba, ya koma ɗaki. Kafin magariba na gan shi a bakin ƙofa da jaka, yana sanye da hular wasan, ba wanda ya iya kallonsa.

Muna tsince shinkafa Adiza ta yi mini bayani. Ta ce nan ko matakin farko ba a hau ba. A ƙetaren teku akwai ƙaramin rukuni, samansa wani, saman wannan wani, kamar hawan dabino, kuma yawanci a hanya suke zamewa kafin su kai wanda ake nunawa a talabijin. Ta ce mutanen nan ba abin da yaro ke yi yau suke saye ba, abin da zai zama suke saye. Jifa irin na Maigida a hannun ɗan sha bakwai zinariya ne, don yana da sauran girma. A hannun ɗan ashirin kuwa sai su ce iyakarsa ke nan.

Wannan ban buƙaci a maimaita mini ba. Na yi dashen tattasai tun ina budurwa. Irin da ya daɗe a fangali ya fi tsawo, ya fi kyan gani, amma manomin da ya san aiki ba ya ɗaukarsa, don ba ya ƙara komai bayan dashe. Kuma na san masu tsinke masa ganyen ƙasa don ya yi kama da sabo. Ban taɓa zaton zan zama ɗaya cikinsu ba.

Washegari da hantsi aka shigar da ni wani ɗaki mai fanka. Mai binciken baƙi ne kamar mu, daga ƙetaren teku, da furfura da tabarau. Ya miƙe tsaye ya gaishe ni, ya zuba mini ruwa da hannunsa. Da ya zo da tsawa da na fi samun sauƙi. Adiza ce tafinta, Maigida yana waje.

Ya fara da sunan yaron. Na yi shiru, na sunkuyar da kai. Na ga biro ɗinsa ya tsaya, sai Adiza ta faɗa masa sunan mijina ne, mace ba ta kiransa. Ya yi murmushi ya ce kakarsa ma tana da irin nata. Sannan ya tambayi shekaru. Na ce goma sha bakwai. Ta fita sumul, ba gargada, kamar ba ni na faɗa ba. Ya rubuta. Ya tambayi sunan ƙauyen, da wadda ta karɓi haihuwa, da ko akwai wanda za a iya tambaya a can. Na ce babu kowa can sai iska. Ya rubuta wannan ma.

Sai ya ɗan rufe littafin, ya jingina, ya tambayi abin da ya sami uban yaron. Na ɗauka aiki ya ƙare, jaje ne yake yi mini. A Difa ba mai yi maka wannan tambaya, kowa da mamacinsa. Shekaru ke nan ba wanda ya ce in ba shi labarin Bukar. Gargaɗin Hajiya ya fita daga kaina, bakina ya buɗe.

Na ce lokacin tsinkar tattasai ne, da safe muka ji harbi ta wajen gonaki. Kafin azahar gari ya watse, ba wanda ya rage sai ni, da mijina da ƙafafunsa suka kumbura ba ya iya tsayuwa sosai, da yaron. Shi ya tafi gona ya ɗauko ubansa a amalanke, shi kaɗai, yana ja da ƙirji don shanun sun gudu. Shi ya haƙa kabari da fartanya, ƙasar rani, tafin hannunsa ya fashe har ƙotar ta yi ja. Shi ya shiga ramin ya karɓi gawar ya kwantar da ita ta dubi gabas, kakansa yana faɗa masa yadda ake yi. Ya tsaya bayan tsohon suka yi salla su biyu. Na ce yaron da ya cika azuminsa talatin a shekarar, muryarsa ta fara buɗewa, ko hawaye bai yi ba sai da ya gama rufe ƙasa.

Mutumin ya tambayi yaushe ne. Na ce tsinkar tattasai bakwai ke nan. Wannan ko a cikin barci ba zan ɓata lissafinsa ba.

Adiza ba ta juya masa maganar ba. Ta dubi ƙasa, ta yi magana a hankali kamar tana tambayata ko ina son ƙarin ruwa.

"Mma, a takarda shekararsa goma ranar nan. Ki ce yana tsaye kusa da ke, maza ne suka haƙa. Maganar haƙa da lissafin nan ban faɗa masa ba tukuna."

Fanka na juyawa, mutumin na jira da biro a hannu. Na ga abin da na yi, na kuma ga ƙofar da ta buɗe mini. Na buɗe baki don in bi ta. Amma wane maza? Babu namiji mai ƙarfi a garin nan ranar sai shi. In na ce yana tsaye riƙe da zanena, to wa ya binne Bukar? Gona ta tafi, gida ya tafi, shanu sun tafi. Ranar nan ita kaɗai ya gada daga ubansa, ni kuma ni kaɗai ce shaidarta a duniya.

Na ce, "Ki faɗa masa yadda na faɗa. Shi ya haƙa. Shekararsa sha uku."

Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta juya masa maganar. Daga nan na faɗi sauran, tebur ɗin bakin kwalta, da gajeren wando, da yaran nan biyu da ba su dawo ba. Na ce yaron bai roƙe ni ba, ni na yi, in akwai hukunci ni za a yi wa. Mutumin ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Ya ce dole ya rubuta abin da ya ji, zai kuma rubuta dalilin, amma ba shi ke yanke magana ba.

Kwana uku muka jira. Maigida yana zuwa da safe ya durƙusa ya ce Kaka ina kwana, ya tashi. Ban iya cin abinci ba. Ran na uku amsa ta zo: an cire sunansa daga masu ƙetarewa, kuma shekara guda ba za a sa shi a wasa ba. Mai horar da su ya ce zai iya zama yana jefa wa masu sanda ƙwallo wajen koyo, in ya gyara takardarsa, bayan shekarar a sake dubawa. Na tambayi Adiza ko ana ɗaukar ɗan ashirin da ɗaya. Ta ci gaba da yankan kubewa.

Maigida ne ya ɗauki jakata zuwa tasha. Muka zauna a benci muna jiran mota ta cika, kowa na kallon gabansa. Na fi jin tsoron shirun nan da jirgin Gaya. Can ya ce Adiza ta gaya masa ta ba ni hanya. Na ce ta ba ni. Ya tambaye ni me ya hana, na ce ban sani ba, bakina ne ya ƙi. Na ce ya yafe mini. Ya buɗe tafin hannunsa yana kallo, ya daɗe.

"Ƙasar ta yi tauri ranar," ya ce. "Na zaci ba wanda ya lura."

Ya shigar da ni mota, ya gyara mini jaka ƙarƙashin ƙafa, ya haɗa ni da wasu mata masu zuwa Gaya. Bai jira mota ta tashi ba. Na bi bayansa da ido har mutane suka rufe shi.

Wata bakwai ke nan da dawowata. Yana can, yana jifa kullum, ba a rubuta sunansa ko'ina. Yakan kira ranar Juma'a, ya tambayi ƙafata, in tambayi hannunsa, mu yi sallama. Ina tsoron shekarar ta cika su ce ya wuce dashe. Ina tsoron ya dawo mini Difa, dogon namiji ba aiki, da sabuwar takarda mai faɗin gaskiya, ya bi ta shingayen nan ɗaya bayan ɗaya. Na cire masa shekara uku ranar da tsawo ke kisa, na mayar masa da su ranar da suka fi yi masa nauyi. Ban san wanne Allah zai fara tambayata ba.